Mota ba ta tashi sai ta cika: yadda layi ɗaya a manhaja ya kusa zubar da mutuncin dattijo

Kakar bara, bayan an gama kai gero gida, na zauna a wani taro a Dogon Dutsi wanda har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Taron wata ƙaramar ƙungiyar manoma ce mai rumbunan tsimi guda bakwai a ƙauyukan da ke tsakanin Matankari da Kore Mai Ruwa. Aikinta ta sayi gero da wake da kaka, lokacin da tiya ke da araha, ta ajiye, ta sayar wa 'ya'yanta cikin sauƙi idan damina ta kama kuma rumbunan gida suka yi ƙasa. Ni ba ni da gona a cikinsu. Ni ne dai ɗan bokon da aka ɗora wa haɗa lissafi a kwamfuta, saboda an san na ɗan karanci rubuta manhaja.

A ranar aka karanta rahoton da na buga. A cikin jerin rumbu na huɗu akwai layi ɗaya da ke cewa an sami giɓin buhu 11. Mai riƙe da mabuɗin wannan rumbu dattijo ne sa'an mahaifina. Ya miƙe, ya dubi jama'a, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kac ce? Ni?" Na ce, "Baba, ba ni na ce ba, abin da kwamfuta ta fitar ke nan." Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kwana uku na yi kafin na gano cewa giɓin ba na rumbunsa ba ne, na rumbu na biyar ne. Can ɗin ma ba sata aka yi ba, wasu buhuna ne da suka lalace aka ware su, aka rubuta a wani shafi dabam, ba a shigar da su fayil ba. Lissafin kwamfuta daidai yake. Wurin da layin ya faɗo a takarda ne ba daidai ba, kuma laifin nawa ne. Na bar layi ɗaya tak ban rubuta ba.

Ra'ayina, wanda nake so in kafa hujja a kansa, shi ne: duk wanda ya rubuta manhajar da ake sarrafawa da layin umarni, matuƙar za ta kira wata manhaja ta waje ta yi mata aiki, wajibi ne a kansa ya juye duk rubutun da ke jira a ma'ajiyarta kafin kiran. Wannan ba kwalliya ba ce da ake ƙarawa in an sami sarari, kuma ba nauyin mai amfani da manhajar ba ne.

Bari in yi bayanin abin da ke faruwa, don wanda bai taɓa cin karo da shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar motar haya a tasha, ko zai nufi Doso ko Birnin Ƙonni, ya san dokar: mota ba ta tashi sai ta cika. Kana iya biyan kuɗinka tun bayan asuba, ka zauna har hantsi. Wani ya zo bayanka da awa biyu, ya ɗauki kabu-kabu, ya riga ka isa Kiyeshe. Wanda ke jiran ku a can, in ya yi hukunci da wanda ya fara isowa, zai rantse cewa mai kabu-kabu ne ya fara fitowa daga gida.

Haka rubutun manhaja yake. Idan ka ce wa manhaja ta rubuta layi, ba lallai ne ta miƙa shi nan take ba. Miƙa rubutu ga zuciyar tsarin kwamfuta, wadda masana ke kira kanel, abu ne mai cin lokaci. Saboda haka sai a tara rubutun a wata 'yar ma'ajiya da ke cikin manhajar kanta, ita ce bafa, sai ta cika a miƙa shi gaba ɗaya. A yawancin fitowar Python 3 girman wannan ma'ajiya bayit 8192 ne. A manhajojin C a kan Linux galibi 4096 ne. Wato shafi biyu ko uku na rubutu na iya zama a ciki, kai kana zaton sun daɗe da fita.

Inda tarkon yake shi ne halin ma'ajiyar yana canzawa gwargwadon inda rubutun ya nufa. Idan allo ya nufa, inda mutum ke zaune yana kallo, ana juye ta a ƙarshen kowane layi. Idan kuwa aka karkatar da shi zuwa fayil, ko aka zura shi ta bututu zuwa wata manhaja, sai ta koma dokar tasha. Ni duk gwajin da na yi a allo na yi shi, komai na fitowa bi da bi. Ranar buga rahoto ne kawai nake karkatar da shi zuwa fayil.

Ga yadda manhajata take aiki. Tana ɗaukar fayil ɗin kowane rumbu, ta rubuta sunan rumbun da jerin abin da ya shiga da wanda ya fita, sannan ta kira wani ɗan gajeren umarni na awk ya tara jimla ya gwada. In lissafi ya daidaita, awk ya yi shiru. In bai daidaita ba, ya rubuta layi ɗaya na giɓi. Watanni da dama babu giɓi, don haka babu abin da ya tona asirin kuskuren. A wannan wata, ma'ajiyar ta cika ta juye a daidai ƙarshen jerin rumbu na huɗu. Sauran layuka uku na wannan rumbu, da sunan rumbu na biyar, da dukkan jerinsa, suna cikin ma'ajiya suna jiran mota ta cika. A lokacin ne awk ya ga giɓin rumbu na biyar, ya rubuta, ya gama aikinsa ya fita, rubutunsa ya isa fayil nan take. Sai ya sauka a ƙarƙashin sunan dattijon. Da na lura da kyau, da na ga layuka uku na jerinsa sun biyo bayan layin giɓin, alhali a tsarina giɓi ne ke zuwa ƙarshe. Ban lura ba, babu kuma wanda ya lura.

Kada mai karatu ya ɗauka ma'ajiyar nan aibi ce da ya kamata a cire. Hikima ce tsohuwa. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, an gina shi ne a kan ƙananan manhajoji da ke miƙa wa juna aiki. A 1973 aka shigar da bututu, shawarar Doug McIlroy. Ɗakin karatun shigar da rubutu da fitar da shi na harshen C, wato stdio, ya bazu tare da fitowa ta bakwai ta Unix a 1979, kuma ƙa'idar C ta 1989 ta tabbatar da wannan hali. Kwamfutocin wancan zamani ba su kai wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu ƙarfi ba, dole a yi tattali. Har yau ma, manhajar da ke fitar da layi miliyan tana bukatar ma'ajiya, in ba haka ba ta yi ta jan ƙafa. Direban da ke jiran mota ta cika ba mugu ba ne, mai yake tattali.

Matsalar tana tasowa ne a lokaci ɗaya: sa'ad da manhaja biyu suka yi tarayya a mafita ɗaya. Manhajar da aka kira tana gadon fayil ko bututun da uwarta ke rubutu a ciki, amma ba ta san abin da ke cikin ma'ajiyar uwar ba, ba kuma za ta jira shi ba. Daga nan ɓarna iri uku ke fitowa.

Ta farko ita ce wadda ta same ni, rikicewar jeri. Abin da aka faɗa da farko ya zo a ƙarshe.

Ta biyu maimaici ne. A Unix ana haifar da sabon aiki ta hanyar kiran fork, wanda ke kwafe manhaja sukutum, har da ma'ajiyarta da abin da ke ciki. Idan ɗan da aka haifa ya fita ta ƙofar exit, zai juye kwafinsa, uwar ma daga baya ta juye nata, sai layi ɗaya ya fito sau biyu. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa ɗa ya fita ta _exit, wadda ba ta taɓa ma'ajiya. Ka yi tunanin rahoton da aka rubuta bashin mutum sau biyu a ciki.

Ta uku ɓata ce gaba ɗaya. Kiran exec yana maye gurbin manhaja da wata, ya share duk abin da ke ƙwaƙwalwarta. Abin da ke cikin ma'ajiya ya tafi ke nan, ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Takardun bayanin Python da kansu sun ja kunne a kan haka, sun ce a juye kafin a kira. Haka ma idan manhajar waje ta maƙale aka gaji aka kashe komai da ƙarfi: layin da zai gaya maka inda aka tsaya yana cikin ma'ajiya, ya mutu tare da ita. Sai ka ɓata yini kana neman cuta a inda ba ta.

Maganin duka ukun layi ɗaya ne. A C, fflush(stdout) kafin system ko popen ko fork, ko fflush(NULL) in kana so a juye duk mafitar da ke buɗe. A Python, sys.stdout.flush() kafin subprocess.run, ko kuma flush=True a cikin print, wanda ake da shi tun fitowa ta 3.3 a 2012. Kuɗinsa bai kai komai ba, domin haifar da sabuwar manhaja ya ninka juye ma'ajiya tsada nesa ba kusa ba. Wanda zai iya biyan kuɗin shatar mota ba zai yi kukan kuɗin dako ba.

Wasu masu harsunan manhaja sun daɗe da gane cewa wannan nauyi bai kamata a bar wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba. Tun fitowa ta 5.6 a shekarar 2000, Perl ke ƙoƙarin juye duk fayilolin da ke buɗe don rubutu kafin duk wani aiki da zai haifi wata manhaja. Shi ma gawk yana juye nasa kafin ya kira umarnin waje. Abin dariya, ɗan aiken da na aika ya fi ni ladabi. Amma C ba ta yi maka, subprocess na Python ma ba ya yi. Kuma Python ne yawancin ƙannenmu ke koya a yau, daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Sakkwato zuwa Kano, mafi yawa daga bidiyon YouTube da ke nuna komai a allo, inda wannan cuta ba ta taɓa nuna kanta.

Na tattauna wannan da abokan sana'a, kuma ba kowa ne ya yarda da ni ba. Hujjojinsu sun cancanci amsa.

Wani ya ce ai mai amfani na iya gyarawa da kansa: ya ƙara -u wajen kiran Python, ko ya sa PYTHONUNBUFFERED, ko ya yi amfani da stdbuf da ke cikin kayan GNU. Gaskiya ne ana iya yi. Amma wane ne mai amfanin? A wurinmu sakataren ƙungiya ne, ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ko malamin makaranta da aka rubuta wa umarni a takarda aka ce ya kwafa kamar yadda yake. Bai san akwai wata ma'ajiya ba, balle ya san tana jira. Kuma wanda bai san yana ciwo ba, ba ya neman magani. Ban da haka, stdbuf ba ya cin kowace manhaja: yana aiki ne a kan waɗanda suka dogara da stdio na C da ake ɗorawa lokacin tashi, kuma wadda ta tsara ma'ajiyarta da kanta ba ta jin maganarsa. Dabarar gaggawa ce ta ranar da ka gaji manhajar wani, ba hujjar barin taka da rami ba.

Wani ya ce to a kashe ma'ajiyar gaba ɗaya, ko a juye bayan kowane layi, a huta. Ga ƙaramar manhaja irin tawa, wannan ba zai cutar ba. Amma in ya zama ɗabi'a, ranar da aka ba ka aikin fitar da bayanai masu yawa za ka ga kwamfuta na nishi ba ka san dalili ba. Mafi muni, mutum ya saba da yayyafa flush ko'ina kamar gishiri, bai fahimci dalilinsa ba. Wurin juyewa sananne ne: bakin iyaka, inda za ka miƙa magana ga wani. Abin da na yi yanzu shi ne na rubuta ɗan aiki guda ɗaya wanda duk kiran waje ke bi ta cikinsa. Shi ke juye mafitar rubutu da ta kuskure, sannan ya yi kiran. An rubuta sau ɗaya, ba a sake mantawa.

Wani kuma ya ce da na tura saƙonnina ta mafitar kuskure, wato stderr, da ban ga haka ba, tunda ita ba ta jiran cika. Wannan daidai ne ga saƙonnin ci gaban aiki da gargaɗi, can ne ma gidansu. Amma rahoton kansa ba kuskure ba ne, shi ne amfanin da aka shuka manhajar dominsa, kuma mafitarsa ita ce ta rubutu. Idan ka haɗe mafitar biyu a fayil ɗaya ba ka juye ba, ka sake komawa gidan jiya: saƙon kuskure ya hau kabu-kabu, rahoto na zaune a tasha.

Hujjar da ta fi shiga jikina ita ce ta wani aboki da ya ce mini, "Laifi tudu ne. Ka bar zancen ma'ajiya, me ya sa layin giɓin bai ɗauki sunan rumbunsa ba?" Ya yi gaskiya, wannan kuskurena ne na biyu. Layin da zai iya jawo wa mutum zargi bai kamata ya dogara da maƙwabcinsa na sama ba kafin a san na wane ne. Yanzu kowane layin giɓi yana ɗauke da lambar rumbu da wata. Sai dai wannan bai soke wajibcin juyewa ba. Ba kullum ne kake da iko a kan abin da manhajar waje za ta rubuta ba. In ka kira rsync ko tar ko sqlite3, da bakinsu za su yi magana, ba da naka ba. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar ka gama taka maganar kafin su fara tasu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in ƙara, saboda mu da muke zaune inda kuran ke ɗaukewa ba sallama. Juye ma'ajiya yana miƙa rubutu ne ga kanel kawai, bai tabbatar ya sauka a faifai ba. Kanel ma yana da tasa tashar. Don jeri tsakanin manhajoji biyu, juyewa ta wadatar, tunda duka biyun ta hannun kanel ɗaya suke bi. Amma idan abin da kake tsoro shi ne wuta ta ɗauke a kan kwamfutar da ba ta da batir, sai ka ƙara da fsync. Kada a haɗa su, kowanne da ciwon da yake magani.

Ga masu koyarwa da masu koyo, roƙona bai da yawa. Kada ka ce manhajarka ta yi aiki don ka gan ta a allo. Gwada ta sau uku: a allo, sannan ka karkatar zuwa fayil ka buɗe ka karanta, sannan ka zura ta bututu zuwa cat. In jerin ya bambanta, akwai abin da ke jira a ma'ajiya. Sannan ka ƙirƙiro kuskure da gangan ka ga inda saƙonsa zai faɗa, domin ni watannin da komai ke lafiya ne suka yaudare ni. Gwajin ba ya cin minti biyar. Ni rashin yin sa ya ci mini kwana uku, ya ci wa wani barcinsa.

Dalilin da ya sa nake ganin abin ya fi nauyi a wurinmu shi ne matsayin da takardar kwamfuta ta samu. A ƙauyukanmu na Arewa, in sakatare ya rubuta lissafi da biro, kowa na iya ja da shi, a ce ya sake ƙirgawa. Amma in aka ce na'ura ce ta fitar, sai bakin kowa ya mutu. Mutane sun ɗauka ba ta da dangi, ba ta da abokin gaba, don haka ba ta son kai. Ni kaina da wannan na fake a ranar taron. Alhali kuwa abin da ke takardar nan, jerinsa da tsarinsa, aikin hannuna ne. Wanda aka ba irin wannan yarda, ba shi da damar cewa ƙaramin abu ne. A babban kamfani rikicewar jeri na iya zama ɓata lokacin injiniya. A garin da kowa ya san kowa, inda ake neman aure ana tambayar halin gida, buhu 11 a ƙarƙashin sunanka ba ƙaramin abu ba ne, kuma magana zarar bunu ce.

Da na gano gaskiya, na nemi shugaban ƙungiyar ya raka ni har ƙauyen dattijon. Na durƙusa na yi masa bayani gwargwadon iyawata, da misalin tasha da kabu-kabu. Ya saurara har na gama, ya ce, "Na ji, ɗana, na yahe. Amma abin da aka faɗi gaban jama'a, gaban jama'a ake gyara shi." A taro na gaba na miƙe na faɗa da bakina cewa kuskuren nawa ne, ba na kwamfuta ba, ba kuma na Baba ba. Har yanzu shi ke riƙe da mabuɗin rumbu na huɗu. Sai dai tun daga ranar, duk rahoton da na kawo, sai ya sa jikansa ɗan makaranta ya gwada shi da littafinsa layi bayan layi kafin ya yarda a karanta. Ban ga laifinsa ba, ina ma sauran rumbunan shida za su yi koyi da shi.

Allah ya kiyaye mu da zubar da mutuncin bayinsa, da saninmu ko ba da saninmu ba.